Ranar da Na Kai wa 'Yan China Takalmin Kano

Daga Kano zuwa Legas

Ko assalatu ba a kira ba ƙanena ya tsaya da mota a ƙofar gida yana ta danna hon kamar gidan kurame ya zo. Ni kuwa daman ban runtsa ba saboda ɗoki. Ni Uwani mai mayafai a Kantin Kwari, wadda ko Kwatano ba ta taɓa leƙawa ba, yau ga ni da bizar China a fasfo! Kuma a shekarar Olamfik, lokacin da biza ta yi tsadar da manyan alhazai ma ake dawo musu da fasfo wayam.

Mutane sun san sarin mayafi zan je. Ainihin abin da ya tayar da ni yana ƙasan akwati, nannaɗe cikin zani. Gidanmu gidan dukanci ne tun kakanni, amma tunda takalmin roba na China ya cika Ƙofar Wambai aikin Baba ya tsaya cak. Ma'aikatansa suka watse suka kama acaɓa, shi kansa ya fara zancen rufe rumfa bayan sallah. Ana cikin haka taubashina Sanusi, wanda ke aikin tura kaya a Guangzhou, ya bugo waya ya ce akwai wani mai shagon takalma da ke sayar wa Turawa, yana neman aikin hannu, a aiko da samfur. Baba ya ce babban mutum ba a kai masa fatar akuya. Ya sauko da fatar mesa mafi kyau da ya daɗe yana ɓoyo, ya zauna wata guda cur ya ɗinka takalma uku, ya rufe kowanne da mesa tun daga marufi har dunduniya. Da zan fita ya riƙe hannun akwatin ya ce, "Uwata, rumfar nan kika ɗauka, ba takalmi ba."

Muka kama jirgin safe zuwa Legas. Can na wuni a kan benci ina gadin akwati, ko bayan gida da shi na shiga.

Addis Ababa

A nan muka sauya jirgi, a nan kuma Allah ya haɗa ni da Hajiya Rakiya 'yar Maraɗi, tsohuwar hannu, wadda ta ce ta daina ƙirga zuwanta China. Ta ga yadda na rungume jakar hannu ina raba ido, ta ce, "Ke ɗiyar Kano, zuwan farko ne, ko? Taho nan ki zamna, kar ki ɓace mini." Ta koya mini kalmomi uku: nihaw wato sannu, lawban wato maigida, sai meyo wato babu. Ta ce da su kaɗai ta yi arziki.

Tafiyar ta yi tsawon da har na fara zargin direban jirgin ya ɓata hanya. Muka ɗan yada zango a Bangkok ba tare da mun sauka ba. Abincin da aka kawo, shinkafa ce fara sol ba gishiri ba magi, na ci don dole.

Saukar Guangzhou

Wayyo, filin jirgi! Ko'ina walƙiya, ko'ina tutoci da zobba biyar na Olamfik, 'yan mata sanye da kaya iri ɗaya suna ta murmushi. Wani ɗan kare na kwastan ya shinshino kilishin Hajiya Rakiya, aka ƙwace shi tas. Ta bi 'yan kwastan ɗin da masifa: "Duwan ɗin ga ba su da tsoron Allah!" Ni aka ɗaga mini hannu na wuce, ko zif ba a taɓa ba. Na ce a raina addu'ar Baba ce.

Sanusi na jiranmu a waje, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace. Na ce, "Bawana, kwaɗi ne suka karɓe ka haka?" Ya ce, "Yaya Uwani, ke dai ki iso tukuna, da bakinki za ki nemi ƙari." Zafin garin irin mai ɗanko ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Tasi ta bi da mu ta kan gadoji, wata bisa wata, ta sauke mu a wani masauki a Liuhua Lu kusa da tashar jirgin ƙasa. Ɗakin ɗan mitsitsi ne amma tsaf, ni da Hajiya muka raba. A bene na sama wata 'yar Gana ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a ɓoye, nan na ci na dawo hayyacina.

Baima

Washegari Hajiya ta ja ni Baima, ginin tufafi hawa bisa hawa. Jama'a, na ga mayafi! Wanda nake saya hannu na uku a Kwari ga shi a gidan ubansa. Ciniki da kwakuleta ake yi, ka danna, lawban ya danna, ka yi kamar za ka tafi, ya jawo maka hannun riga. Na ji Hausa ta Kano, ta Yamai, ta Kumasi, duk a lif ɗaya. Da na sayi ruwa da biskit a wani kanti na tsaya jiran leda, yarinyar ta nuna sai na biya. Leda! Hajiya ta ce sabuwar doka ce ta bana, wai leda na toshe musu magudanai. Na tuna kwatar unguwarmu, na ciro kuɗi na biya.

Zhanxi Lu

Ranar da na zo dominta na ci kwalliya kamar mai zuwa biki. Zhanxi Lu unguwar takalma ce, idan ka ɗaga kai takalmi, ka sunkuyar takalmi. Lawban ɗin da Sanusi ya kai ni wurinsa dattijo ne siriri mai tabarau, ya zuba mana shayi a wasu 'yan kofuna da ba su kai murfin kwalba ba. Na warware zani a hankali, na jera takalman Baba a kan tebur, fatar mesar nan tana sheƙi. Wallahi ƙirjina har ya kumbura.

Mutumin nan ya zabura ya ja da baya har kujera ta faɗi. "Meyo! Meyo!" Ya ruga ya ja labulen ƙofa, ya dawo yana ta zuba wa Sanusi yare, ko ɗan yatsa ya ƙi kai wa kan takalman. Sanusi ma fuskarsa ta canza. Ya ce, "Yaya, mesa ce? Mesa kika ratso filin jirgi da ita? Ina takardarta?"

"Takardar me? Maciji ne ko ɗan makaranta?"

Sai ya yi mini bayani. Ashe ƙasashen duniya sun daɗe da zama suka ƙulla yarjejeniya kan namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, suka jera sunayensu, Najeriya ta sa hannu, China ta sa hannu. Mesa na ciki. Ba a hana ta ɗungurungum ba, amma ba ta tsallake iyaka sai da izinin hukumar ƙasarku mai nuna inda aka samo ta, ko da kuwa ta zama takalmi. Lawban ya ce Turawan da ke saye a wurinsa, ƙyalle ɗaya na irin wannan fata aka gani babu takarda, kwantena gaba ɗaya za a riƙe. Ga shi saboda Olamfik masu bincike na zagaye shaguna ba sallama.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gaya masa, jiya da idona na ga maciji a keji ƙofar gidan abinci! Su su yi miya da shi, mu mu yi takalmi ya zama laifi?" Sanusi ya ƙi fassarawa. Ya ce, "Nasu na kiwo ne, kuma bai tsallake iyakar kowa ba. Ke Yaya, tsakani da Allah, yaushe rabon da maharbi ya kawo wa Baba doguwar fata?" Gaskiya ya faɗa. Ni shaida ce, Baba ya daɗe yana ƙorafin fatun sun koma gajeru, kuma sai an nausa daji mai nisa kafin a samu.

Na naɗe kayana muka fito. A hanya Sanusi ya ƙara mini da wata: fita da su ma haɗari ne, in aka buɗe akwatina a filin jirgi ba ƙwacewa kaɗai za a yi ba. Ga takalma ba su sayuwa, ba su komawa gida.

Komawa masauki

Bayan azahar na zauna bakin gado na tasa su a gaba ina hawaye. Me zan ce wa tsohon nan? Hajiya Rakiya ta ɗauki ɗaya tana jujjuyawa, ta leƙa cikinsa ta ce, "To mi ne a ƙarƙashin macijin? Ai ba kan iska ya ɗinka shi ba." Na san amsar, don a gindin Baba na girma. Jar fatar akuya yake fara ɗinke takalmi da ita tsaf, sannan ya lulluɓe da mesa.

Na aiki Sanusi ya sayo reza. Na yi bisimilla na fara farke aikin ubana, zare bayan zare. Ban taɓa jin abu ya yi mini ciwo irin wannan ba. Hajiya na riƙe mini, tana cewa, "Sannu ɗiyata, a hankali, kar ki ji ma jar rauni." Da la'asar takalma uku suka fito jajaye, tsirara, ɗinkin Baba a jere ƙanana kamar ƙwayar gero. Fatar mesar kuwa Sanusi ya yayyanka ta ya fita da ita, ban tambaye shi inda ya kai ba.

Zhanxi Lu kuma

Da ƙyar Sanusi ya shawo kan lawban ya yarda mu dawo. Wannan karon ya ɗauka. Ya lanƙwasa, ya ja marufin da ƙarfi, ya cire tabarau ya bi ɗinkin da farce, sannan ya kai hanci ya shinshina ya daɗe. Ya tambaya da wane magani aka jeme. Na ce bagaruwa, 'ya'yan itace. Jan launin fa? Na ce karan dafi, wata irin dawa ce. Ya sa Sanusi ya maimaita tambayar har sau biyu, wai ko akwai sinadarin kamfani a ciki. Ashe Turawan nasa har awon fata suke yi saboda dokokinsu na guba, ya sha asara a kan haka. Ya riƙe biyu zai aika a auna, ya ce in sun wuce yana son a fara turo masa na gwaji. Na ce "Shiye-shiye, lawban!", wato na gode, da ƙarfin da ya sa 'yan shagon maƙwabta leƙowa. A titi na rungume Hajiya, wadda ta rako mu, muka yi ta tsalle, 'yan China na kallonmu.

Komawa gida

Kafin ranar tashina sakamako ya fito, fata ta wuce. Na danƙa wa Sanusi dilolin mayafaina ya turo ta ruwa, na yi sallama da Hajiya har da kuka, na biyo hanyar da na zo. A waya Baba ya yi ta tambaya, ni kuwa ina ce masa sai na zo, don maganar ba ta waya ba ce.

Da hantsi na iso Kano, ko gida ban biya ba na wuce rumfa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce an samu aiki. Ya yi hamdala, ya ce, "Na gaya miki mesa ba ta kunyata mutum." Sai na ciro takalmi na ukun na ajiye a gabansa, na kwashe labari duka na faɗa masa, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa.

Ya ɗauka ya daɗe yana kallon huhhujin da reza ta bari. Ya ce, "Ke kika farke?" Na ce ni ce, Baba. Ya shafa ɗinkin da babban yatsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Tun ina saurayi nake rufe ɗinkina da fatar maciji don a ga kyau. Ashe shi nake ɓoye wa mutane." Ya juya ya ƙwala wa ƙanena kira, ya ce ya bi gida-gida ya gaya wa ma'aikatan rumfa da suka koma acaɓa su ajiye babur, gobe da sassafe akwai aiki.

Allah na gode maka da ka kai ni ka dawo da ni lafiya. Hajiya Rakiya, Allah ya saka da alheri. Kai kuma Sanusi, Allah ya ƙara ƙiba.