Ranar da Gurasa Ta Taso a Bokiti

Ni ba mai fita ba ce. Daga ɗakina zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa zaure, iyakar ƙasata ke nan a Koki. Boko kuwa aji uku na yi aka cire ni, don haka da wayar hannu ta shigo bayan sojoji sun koma bariki, ban ga abin da za ta tsinana mini ba. Sai da aka zo zamanin saƙon murya na san daɗinta. Ka danna, mutum ya yi ta zuba, kai kuma kana tsince shinkafarka.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Hajiya mai gurasa. Kakanninta fatake ne daga Turabulus, kuma tanderun da take gashi a ciki ya girme ni. Mijinta ya rasu, gurasar nan ita ce cinta, ita ce suturarta.

Wata Laraba da hantsi saƙo ya faɗo guruf ɗin matan unguwa. Muryar mace ce, tana ja tana lanƙwasa harshe: "Assalamu alaikum ya jama'a. Ni likita ce, ina magana daga Jidda. Wallah, ya'ani, fulawar gurasa yanzu da garin roba ake haɗa ta. Ku jefa gurasa a ruwa. In ta taso, roba ce. Ku tura wa mutum goma don Allah."

Na aika aka sayo ta Hajiya, na jefa a bokiti. Ta taso tana yawo kamar kwale-kwale. Na yi salati. Mutum goma aka ce, ni arba'in na tura wa, har da mai gyaran keken ɗinkina.

Kafin Juma'a babu gidan da ba a jiƙa gurasa ba daga nan har Mandawari. Masu bandashe, gurasa mai ƙuli-ƙuli, suka daina zuwa sari. Na daina jin tafin hannun Hajiya a jikin tanderu, ƙarar da nake tashi da ita shekara da shekaru. Rana ta huɗu ta leƙo ta katanga ta ce, "'Yar nan, ke ma kin jiƙa?" Na ce, "Hajiya, ai likita ce ta faɗa." Ta ce, "Shekara arba'in kuna cin roba, ga ku kuwa har da kumatu." Dariya ta yi, amma na ga idonta. Ta ce in mako ya zagayo a haka za ta rufe tanderun ta koma wajen 'yarta a Madabo.

Da yamma na sake kunna saƙon, ina neman inda zan kafa hujja da kaina. To ni dai Allah bai ba ni karatu ba, amma ya ba ni kunne. Can bayan muryar likita na ji injin markaɗe ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ce ikon Allah, Jidda ma suna markaɗa wake. Na mayar baya. Sai ga wata murya daga nesa: "Tattasai, attaruhu, in ba kwa saya in wuce!" Duk Kano mutum ɗaya ke wannan kira, kuma baronsa bai taɓa wuce Kurmi ba, balle ya haye teku.

Gida ɗaya ne ke manne da injin mai tari: gidan ƙanwar maigidana, wadda ta je Umra sau ɗaya ta dawo da "ya'ani" a baki. Na yafa mayafi na fita, har Malam maigidana yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Na shiga na ce, "Sannu likita, ya mutanen Jidda?"

Ludayi ya faɗi daga hannunta. "Yaya, rufa mini asiri."

"Ke da ko allura aka zaro sai an danne ki, yaushe kika zama likita?"

Ashe mijinta ne ke da ciwon suga, an hana shi gurasa a asibiti, shi kuma kullum sai ya ci uku a ɓoye a kasuwa. Ta yi magiya, ta yi fushi, bai ji ba. Shi ne ta toshe hanci ta yi saƙon, ta ba ƙawarta ta tura masa shi kaɗai. Bawan Allah ya tsorata, ya tura wa 'yan majalisarsu don ya ceci al'umma.

"Shekara ashirin kuna tare bai gane muryarki ba?"

"Yaya, yaushe ya taɓa saurarona?"

Na sa ta yi sabon saƙo da muryarta ta gado, ta ce ƙarya ta yi. Muka tura. Mutum biyu suka saurara, ɗaya ma ta amsa da cewa masu fulawa ne suka saye likitar.

Hajiya ce ta gama maganar da kanta. Ranar sunan jikar mai unguwa ta shigo da bokiti, ta dire a tsakiyar mata. Ta ɗauki fanke daga faranti ta jefa, ya taso. Ta jefa burodi, ya taso. Ta karɓi ƙosai daga hannun uwar mai jego, shi ma ya taso. Ta ce, "To, duk roba ce. Ku tattaro mini in tafi da su gida, kada su kashe ku." Kowa ta rungume farantinta. Ni kuma na miƙe na kunna saƙon, na ce su bar likita su saurari bayanta. Da mai tattasai ya rangaɗa kiransa daga Jidda, wata tsohuwa sai da ta kwanta a tabarma don dariya. Ƙanwar maigidana ta ja mayafi ta rufe fuska, aka yi ta kiranta ta zo ta duba musu hawan jini.

Washegari da sassafe na ji tafi a jikin tanderu. Na aika da kwano, Hajiya ta ce a tambaye ni ta ci ce ko ta wanka.

Wanda ya fi kowa murna mijin likita ne. Shi ya fara layi.