“Da sauƙi” a ɗakin masu jego

Shekarun baya, lokacin da naira ta maye gurbin fam, na haifi ɗana na fari a wani ɗan ƙaramin asibiti a ƙasar Gwaram. Daga Basirka aka kawo ni, goggona ce ta zauna da ni. Kun dai san kunyar haihuwar fari. Ko kallon jaririn ba na yi a gabanta, balle in buɗe baki in ce ga abin da ke damuna.

Abin da ke damuna kuwa jini ne. Tun da na sauka yake zuba, ina canza tsumma a ɓoye, idona na ganin duhu-duhu. Ungozoma ta leƙo ta ce, “Yaya jiki?” In ce, “Da sauƙi.” Ta wuce. To me zan ce? Haka aka koya mana.

Washegari da hantsi wata Hajiya ta zo daga Kano, an turo ta duba yadda ake kula da masu jego. An share ɗaki fes. Ta bi gado-gado tana tambaya, kowa sai hamdala. Da ta iso kaina ta tsaya tana kallon leɓena, sannan ta ce wa goggo, “Inna, taimaka ki samo mata ruwan zafi.” Goggo na fita ta sunkuyo.

“Ƙanwata, tun da kika haihu, akwai wanda ya ɗaga zanin nan ya duba?”

Na girgiza kai. Ta ɗaga. Salati kawai na ji ta yi.

Ungozoma ta ce, “Wallahi Hajiya, da bakinta ta ce da sauƙi.”

“Duk Bahaushiyar da ke numfashi haka za ta ce miki,” in ji Hajiya. “Kama mini ita.”

A motarta aka kai ni Birnin Kudu, aka ƙara mini jini. Ashe goggo ta ga tsummokaran tun farko, ta ɗauka jinin biƙi ne, gara ya fita. Ta yi kuka sosai.

Ban riƙe kowa a zuciya ba, kowa abin da ya sani ya yi. Amma yanzu duk ’yata da ta haihu, sai na kori mutane daga ɗakin na duba da idona. Surukansu na cewa tsohuwar nan ba ta da ta-ido. Su yi ta faɗa, ’ya’yana dai duk suna nan da ransu.