Baƙin Saje Umaru

Damanar bana ta cika shekara tara da rasuwar yayana, Saje Umaru na Wara. Ban saba rubutu a jarida ba. Karatuna bai wuce elementare ba, aikin da na yi har na ajiye shi ne tsaron sito. Amma kwanan baya wasu samari masu kyakkyawar niyya sun zo daga Sakkwato da zanen gida a takarda, suna son a gina wa tsofaffin sojojin da jiki ya ƙi wurin zama. An ce musu a Wara akwai wanda ya taɓa yin irinsa. Na buɗe musu gidan suka zagaya. Bayan tafiyarsu na ga ya kamata in faɗi labarin daki-daki, kada a ɗauki rabi a bar rabi.

Da farko, ko shi wane ne. Yaya ya shiga soja tun zamanin Turawa, ya je yaƙin Bama, can ya koyi gini. Ya dawo ya yi aure, matar ta riga shi, 'ya'yan da suka haifa ba wanda ya rayu. Da aka datse Kwara ruwa ya hau, gonarmu ta gado ta koma ƙarƙashin tafki, sai fili guda a kan tudu ya rage mana. Mutum ne mai oda. Ba ya son zagaye-zagaye, ko a hanya ko a magana.

Sai abin da ya sa shi ginin. Abokan yaƙinsa sun tsufa, suna warwatse a tungayen masunta daga Shanga har Ngaski. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Kofur Ɗantani, da suka ci tuwo a kwano ɗaya a Bama. Harsashi ya taɓa samunsa a gwiwa, tsufa ya ƙarasa ƙafar, ido kuma ya fara dushewa. Yana zaune a tunga wurin Garba, ɗan ƙanensa. Garba mutumin kirki ne, amma masunci ne. In kifi ya yi ƙasa sai ya bi shi, a yi makonni ba a gan shi ba. Gida ya rage daga tsoho sai matar Garba. Ita kuwa suruka ce, ba ta iya ɗaga shi, balle ta kai shi bayan gida. Yaya ya gano Ɗantani yakan ƙi shan ruwa yini guda don kada ya matsu. Mutum na kwana a bakin tafki, ƙishirwa na cinsa.

Da rani Yaya ya fara buga tubali a filin nan. Bai zana komai a takarda ba, da sanda ya shata a ƙasa. Kowace ƙofa ya faɗaɗa ta yadda mutum biyu za su shige ɗauke da na uku. Bai sa dokin ƙofa ko ɗaya ba, ya ce shi ke kayar da mai sanda. Gadajen ƙasa ya tsayar da su daidai gwiwa, don mai zama kada ya faɗa, mai tashi kada ya nemi hannu. Ya ja igiya daga ɗakuna har bayan gida saboda makaho, ya kafa turke a bakin masai don riƙewa. Ƙofofin suna kallon juna, in wani ya yi tari na kusa ya ji. Tagogi kuwa suna duban ruwa, domin ya ce ɗan tunga ko idonsa ya mutu yana son iskar tafki a fuska. Samarin Sakkwato sun auna duk waɗannan, kuma na tabbata da yana raye zai ji daɗi. Zai yaba famfon da suka sa a zanensu, don jan guga ya wahalar da shi ƙwarai.

Daga nan ne kuskuren ya zo, irin kuskuren da sai soja. Da ya gama, ya kafa allo a ƙofa, mai cewa gidan tsofaffin sojoji marasa galihu ne. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a gaban jama'a kamar a filin fareti, ya ce duk tsohon sojan da ba shi da mai kula da shi ya zo, ga ɗaki. A bariki haka ake yi, a kira marasa lafiya su fito gaba. Amma a ƙasarmu wa zai fito gaban gari ya ce ba shi da kowa? In ya faɗa ya tsiraita 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa. Ba wanda ya zo. Yaya ya shiga jirgi da kansa ya je ɗauko Ɗantani, tsohon ya ce da a ce Garba ya yar da shi gara ya mutu da ƙishirwarsa. Garba kuma ya daina gaida Yaya a kasuwa.

Damana biyu gidan yana tsaye ba kowa. Jemagu suka kama rufi. Kullum da safe Yaya yakan share ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya cika randuna, ya zauna a ƙofa yana duban kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Na ce masa ya zuba 'yan haya, ya ɗauki tsintsiya ya ci gaba da shararsa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar guda ce: Ɗantani ya sa aka ɗauko shi a jirgin kasuwa ya zo dubiya. Da la'asar ya nemi sallama, yadda baƙo ke yi, don baƙo ba ya tashi sai mai gida ya sallame shi. Yaya yana kwance ya ce, “Jirgi ya tashi, Kofur. Sai gobe.” Alhali muna jin ihun masu jirgi daga kwata. Da gari ya waye ya sake neman sallama. Yaya ya ce, “Wa ya ba kurtu izinin barin layi? Sha kununka.” Ɗantani ya ce shi da ya ɗauki Saje a kafaɗa ya ƙetare kogi da shi ake ce wa kurtu? Ya sha kunun, ya kuma sha ruwa moɗa guda.

A makon nan Yaya ya tumɓuke allon ya sa a murhu. Da ya ji sauƙi ya fasa bangon ɗakuna biyu na gaba ya mayar da su zaure, ya shimfiɗa tabarmi. Ba ya cikin shirinsa na farko, amma shi ya zama gidan. Duk ranar kasuwa Garba yakan zo da busasshen kifi, ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya ya ce ya zo tafiya da Baba. Yaya ya fi shi ɗaga murya ya ce ba inda baƙonsa za shi, har da barazanar sanda. Garba ya juya yana gaya wa masu wucewa su dai shaida, Saje ne ya hana. Gari duka ya san abin da ake ciki, gari duka ya rufe. Daga baya wasu tsofaffi biyu su ma suka zo gaisuwa, jirgi ya tashi ya bar su. A gidan suka cika, Yaya ya yi musu wanka da hannunsa.

An ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta shekara da shekaru ba ta bushe ba, kuma ba safiyar da Ɗantani bai nemi sallama ba.

A zanen samarin nan na ga babban allo a kan ƙofa, da ɗakin maigadi, da lokacin ziyara. Na san abin da Yaya zai ce. Zai kuma dubi zamanin nan ya damu: waɗanda suka yi yaƙin basasa sun fara furfura, samari sun bar tunga sun tafi birane, jiragen inji sun sa masunta suna nisa fiye da da. Masu buƙatar gidan sun ƙaru, kunyar kuwa tana nan inda take.

Yaya ya rasu da hantsi, ana yayyafi. Bayan sadakar bakwai Ɗantani ya kira ni zaure, ya riga ya ɗaure 'yan tufafinsa, ya nemi sallama. Na san abin da ake cewa, na kuwa faɗa. Na ce jirgi ya tashi. Ya yi murmushi ya ce, “Sule, kai ba ka iya ba. Kowa ya san abin da ya haɗa ni da Saje. In na kwana gidanga yau, wurin wa za a ce na zo?” Na ce gidan yanzu nawa ne, abinci da ruwa ba abin da zai canza. Ya ce ya sani, amma daga ranar ba za a ƙara kiransa baƙo ba, sunan da ke kan allon nan da aka ƙone shi zai dawo, kuma a kan Garba zai faɗa. Garba da kansa ya durƙusa ya roƙe shi ya zauna, ya ƙi. Ni da Garba muka ɗauke shi muka fita da shi. Kafin baƙin ruwa, cikar da Kwara ke yi da hunturu, ya iso a shekarar, aka aiko mini daga tunga cewa ya cika.

Na jera wa samarin abin da na sani: ƙofa, gado, igiya, turke, taga, zaure. Na ƙarshe na ce su nemi mai gida, mutumin da tsoho zai ce wurinsa ya zo gaisuwa ba a yi masa dariya ba. Ɗayansu ya tambaye ni cikin ladabi ina ake samun irinsa. Na ce wanda na sani yana maƙabarta.

In an auna abin da Yaya ya bari, ginin ne mafi ƙanƙanta. Bango na nan, ina yaɓe shi duk kaka, bai tsare kowa ba tun ranar. Abin da ya fi shi nauyi shi ne tsofaffi uku sun ci, sun sha, an ɗaga su an kwantar, ba wanda ya sunkuyar da kai a cikin danginsu. Ni ma yanzu gwiwa ta fara yi mini gardama, 'ya'yana suna Kaduna. Wani lokaci nakan zauna in lissafa gidajen da zan iya zuwa gaisuwa a ƙasar Yawuri. Suna da yawa, kuma duk mutanen kirki ne. Ina neman sallama za su raka ni har bakin jirgi.

Allah Ya sauki Saje Umaru masaukin da ba a neman sallama, shi da baƙinsa.