Saƙon da Ya Kashe Mana Kwamfutoci a Jega

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, wallahi tallahi. Lokacin intanet bai daɗe da shigowa Jega ba, ina aiki a wani shagon kafe na intanet kusa da tasha, kwamfuta biyar gare mu an haɗa su da waya zuwa wani faranti da aka kafa a kan rufi. Mai shagon wani Alhaji ne ɗan kasuwar albasa a Aliero, bai san komai a kan kwamfuta ba, ni ya bar wa riƙon wurin.

Akwai wani dattijo manomi daga Liba ta ƙasar Maiyama, Malam Garba, duk ranar kasuwa sai ya zo in rubuta wa ɗansa Lawali wasiƙa, yaron ya tafi neman aiki ƙasar waje, wani ne ya kawo wa tsohon adireshinsa a takarda. Yana faɗa ina bugawa, in amsa ta zo in karanta masa.

To, sai aka fara wani abu. Da zarar Malam Garba ya zauna na buɗe akwatin wasiƙarsa, sai fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya ta mutu, sauran huɗun su bi ta ɗaya bayan ɗaya, masu aiki su tashi suna zagina. Sau ɗaya na ce wuta ce, sau biyu na ce zafi, a na ukun kam na fara kallon tsohon nan da wani ido. Ba zan ɓoye muku ba, har aljihunsa na riƙa leƙe ko laya ce yake shigo mana da ita. Alhaji kuma ni yake zargi, ya ce min, “Kai yaro, in ba ka iyawa ka hwaɗi, in ɗauko wani.”

Na hau mota na je Aliero na ɗauko wani Injiniya Sanusi mai gyaran kwamfuta. Ranar kasuwa ya zo da tasa ƙaramar kwamfutar, ya jona ta a wayarmu, ya ce a bar tsohon ya zauna kamar kullum. Da la'asar sai ga Malam Garba, ina buɗe akwatin, tsit, duk suka mutu.

Injiniya ya yi dariya ya ce ba aljanu ba ne. Ya ce a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta akwai sashen da ke karɓar duk abin da ya shigo ta waya, kuma waɗanda suka rubuta shi sun yi sakaci, ba ya auna saƙo kafin ya karɓa. Saƙo zai zo ya ce shi ɗan mudu ɗaya ne alhali buhu ne, ita kuma ta yarda ta juye shi a mazubin mudu, ya malala ya ɓata abin da ke ajiye a gefe, shi ke nan sai ta faɗi. Ya ce wani mugu ne daga waje yake aiko mana da irinsa da gangan.

Na ce to wa ke nan? Ya ce bari mu gani. Ya cire wayar faranti gaba ɗaya, a gabana ya naɗe ta ya ajiye a kan tebur, ba sauran wata hanya tsakaninmu da duniya. Muka sake kunna biyar ɗin, ba wanda ya taɓa komai, tsohon yana zaune da sandarsa. Ko minti biyu ba a yi ba suka sake mutuwa.

Nan dariyar Injiniya ta ɗauke. Ya duba tasa, ya ce saƙon ya sake shigowa, kuma lambar da ya fito daga gare ta ba ta kowace kwamfuta a ɗakin ba ce. Muka bi wayoyi ɗaya-ɗaya har bayan kanta, ban da biyar ɗinmu da tasa babu wata. Ya buɗe cikin saƙon, yawancinsa tarkacen lambobi ne, amma can ƙarshe, a rarar da ta malala ɗin, akwai rubutu da Hausa. Ya juyo min da fuskar na karanta da idona: “Abba ka daina aiko wasiƙa nan, ba ni ka karantawa ba.”

Innalillahi! Injiniya ya ce wataƙila ragowar abin da wani ya taɓa bugawa ne ya maƙale a ƙwaƙwalwar na'ura, yakan faru. Yana faɗa yana kallona, ni ma ina kallonsa, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Amma ni na san ban buga ba, shi kuma ranar ya fara ganin tsohon.

Na daɗe ina shawara, daga baya na karanta wa Malam Garba. Ya ce, “Ɗana, sake karanta kalma ta hwarko.” Na ce Abba. Ya ce, “Duk wasiƙun da kac ce nashi na, Baba suka ce min. Lawali tun yana ƙarami bai taɓa ce min Baba ba, sai Abba.” Ya tashi ya ɗauki sandarsa, ko sallama bai yi ba.

Bayan sati Injiniya ya kawo faifan gyara ya toshe kafar da saƙon ke shigowa ta nan, kwamfutocin ba su ƙara mutuwa ba. Sai dai amsoshin nan da ke zuwa duk mako su ma daga ranar suka tsaya cak. Na taɓa zuwa har Liba neman tsohon, na same shi a gona, ya ce har yau ba labarin yaron, da na ba shi labarin gyaran kuma, ya roƙe ni in cire shi ko saƙon zai sake zuwa. Na yi masa sallama na koma Jega.

Ni dai shawarata, in an ce ku sabunta manhajar na'urarku ku sabunta, kar ku yi wasa. Kuma in kuna da ɗan'uwa a nesa da rubutu kawai kuke gaisawa, don Allah ku nemi jin muryarsa ko sau ɗaya, ku tabbatar shi ne yake amsa muku.