Tutar Alfadarai a Igiyar Mis Earline

Shekara ashirin da biyu Mis Earline Tutwiler ta yi tana wanke rigunan 'yan ƙwallon Amurka na jami'ar Harlow Ferry, a wani ɗaki da ke ƙarƙashin filin wasa, inda injina shida ke ruri tun safe. Duk tsawon lokacin nan ba ta taɓa zama a kujerar 'yan kallo ba. Ihun mutane kawai take ji ta saman rufi, sai an tashi a turo mata kwanduna cike da riguna masu warin zufa da ciyawa. A nan ta yi karatunta. Ƙartin nan biyar na sahun gaba, waɗanda aikinsu su ture abokan karawa su buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya, rigunansu ne littafinta. In laka tana ƙirji, yaro ya ture mutuminsa ya faɗi ta gaba. In tana gadon baya, shi aka ture ya yi rigingine. Kafin wani ya sauko ya faɗa mata sakamako ta riga ta san yadda aka kwashe, har takan gane ranar da aka ci wasa da sa'a kawai.

Da gwiwoyinta suka gaji da hawa da saukar bene, ta ajiye aikin ta buɗe ɗan gidan abinci a titin da ya gangara kogi. Dogon tebur ɗaya da kujeru goma sha ɗaya, ƙananan tebura huɗu, faten masara da ƙwai da safe, soyayyar tarwaɗa da rana. Abu ɗaya ta taho da shi daga ɗakin wanki, wato igiyar shanya. Ta ɗaure ta daga wannan bango zuwa wancan, ta rataye ƙananan tutocin jami'o'i ashirin da biyar.

Daga watan Nuwamba, duk yammacin Talata kwamitin gasa yakan fitar da jerinsa na ƙungiyoyin jami'o'in da suka fi ƙwazo a talabijin, goma sha biyun farko su za su shiga gasar ƙarshe. Safiyar Laraba kuma Mis Earline ta taka kujera ta jera nata. Jerinta ba ya kai kowa ko'ina. Amma a garinmu in ka ce wa mutum kwamiti ya ce kaza, abin da zai fara tambayarka shi ne, "To igiya fa?" Kowa ya san ranakun Lahadi da Litinin tana zaune gaban wasannin da ta naɗa, tana tsayar da hoto, tana matso da tabarau tana duban bayan riguna. Filin ciyawar roba ne kawai ke ba ta haushi. Ta ce ba ya faɗin gaskiya.

Kujera ta uku a dogon teburin ta Cleophus Rudd ce. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar 'yan wasa, kuma tun ranar da aka buɗe gidan abincin bai taɓa karyawa a wani wuri ba. Shi yana ce mata Alƙaliya, ita tana ce masa Direba. Ba a taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ko a kan gishirin fate, amma in bakwai ta wuce da minti biyar bai shigo ba, za ka ga tana leƙen taga.

Bana Alfadarai, ƙungiyarmu, suka ci wasa goma suka faɗi ɗaya, abin da ba a gani ba tun kafin a haifi yawancinmu. Saura wasa ɗaya, da Balbelu na tsallaken kogi, kwamiti ya ajiye mu a na goma sha uku. Balbelu, da suka faɗi sau biyu, suna na goma sha ɗaya.

Safiyar Larabar nan gidan ya cika har bakin ƙofa. Mu da muka gama jami'a a watan Mayu muna ta jiran amsar takardun neman aiki, mun riga mun mai da teburin lungu ofishinmu, a nan muka takure.

"Ni dai a koya mini lissafi," in ji Vonda mai raba wasiƙu, jakarta na rataye a kafaɗa. "Ɗaya ya fi biyu yawa ne yanzu? Ko an sake boko ban sani ba?"

Dub Hairston mai sayar da taya, wanda shi kaɗai ne ɗan tsallake da ke da ƙarfin halin cin abinci a nan, ya kurɓi kofi ya ce, "Ku da wa kuka buga? Kun tara makarantun da ko motar zuwa wasa ba su da ita kuna ta duka. Mu manya ne suka kayar da mu."

"Au, faɗuwa ma akwai ta masu daraja?" in ji Vonda.

"Sosai. Ku ba ku kai a kayar da ku irin wannan ba."

Aka yi masa caa. Cleophus ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da motoci. "Ku ƙyale shi, warin taya ne ya hau masa kai. Waɗancan na kwamiti suna ɗaki mai sanyi suna cin kaza, ko sunan garin nan ba su iya faɗa ba. Alƙaliya, hau ki gyara mana duniya. Ni na ce ki sa mu a na takwas. In kin ji kunya, tara."

Mis Earline ta goge hannu a jikin rigarta. Tun ranar Litinin ta san abin da za ta yi, kuma tun ranar abinci bai yi mata daɗi ba. Wasan makon da ya wuce mun ci shi da maki huɗu, amma ta tsayar da hoton fiye da sau goma, ƙartin nan biyar duk bayansu kore shar da ciyawa. Ta taka kujera. Ta cire tutarmu mai ruwan goro, ta riƙe ta ɗan lokaci, sannan ta maƙale ta a na goma sha huɗu.

Man da ke cikin kasko kawai ake ji. Dub ma bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

"Earline," Cleophus ya ce, ba Alƙaliya ba. "Hannunki ne ya goce?"

"Hannuna lafiya lau."

"Ƙasa da kwamiti? Yaranmu? Lamba sittin da huɗu, ke kika wanke wa ubansa riga shekara huɗu."

"Shi ya sa na san bayan ubansa bai taɓa yin haka ba. Direba, an tura su baya ranar Asabar, ka gani na gani. Sa'a ce ta fitar da mu."

"Sa'a ba ta cikin jeri? Baƙi su ƙi mu, na gida ma ya ƙi mu?"

"In na ɗaga su yau don ina son su, gobe in na sa su a sama wa zai yarda?"

Ya miƙe a hankali, ya ɗauki hularsa. Fatensa ko rabi bai ci ba. "To ki zauna da igiyarki. Ƙafata ba ta sake taka gidan nan sai tutar nan ta tashi daga inda take."

"Ba za ta tashi ba sai sun tashe ta."

Ranar Alhamis kujera ta uku ba kowa. Sauran mutane sun dawo, suna ƙunƙuni amma suna ci, don fushi daban tarwaɗa daban. Ba wanda ya yi gigin zama a kujerar. Vonda ta kawo labari cewa ta ga Cleophus a gidan mai, yana tsaye yana tauna burodin leda kamar mai shan magani.

"Ya tambaye ni?" in ji Mis Earline, tana goge wurin da ta riga ta goge.

"Ya ce in duba masa ko igiya ta tsinke."

"Ki ce masa igiyar ta girmi taurin kansa."

Amma safiyar Juma'a, kafin ta buɗe ƙofa, sai da ta taka kujerar. Mutumin nan shekararsa saba'in da huɗu, likita ya hana shi gishiri, kuma ita kaɗai ta san yadda ake yi masa fate ba tare da ya gane an rage ba. Mataki biyu kawai za ta matsar da tutar, kowa ya huta. Ta ɗora yatsu a kan maƙalin. Ta tuna yadda take faɗa wa yara a ɗakin wanki cewa riga ba ta yi wa kowa kara. Ta sauko, gwiwa na ƙara, ta kunna murhu.

Ranar Asabar aka wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba har aka tashi wasa da la'asar. Filin ya zama taɓo. Alfadarai suka ci Balbelu, mu maki ashirin su sha bakwai, a minti na ƙarshe, garin ya rikice da ƙarar motoci da ƙararrawar coci. Mis Earline ta kalla a talabijin ɗin gidan abincin, ta yi tsallen da ta manta tana da gwiwa, ta rungumi Vonda har jaka ta faɗi. Sai dai da aka ce ta hau ta ɗaga tuta, ta girgiza kai. Ruwa ya lulluɓe hoton, rigunan kuma sun jiƙe sun yi baƙi, ba ta ga bayan kowa ba. Abin da ba ta gani ba kuwa ba ta jera shi.

"Haba Mama, mun ci fa!" muka ce daga lungu.

"Makon jiya ma kun ci."

Lahadi ake fitar da jerin ƙarshe, da ƙarfe goma sha biyu na rana. Aka taso daga coci aka wuto gidan abincin kai tsaye, mata da manyan huluna, maza da kwat. Saura minti ashirin ƙofa ta buɗe. Cleophus ne, cikin kwat ɗinsa ta Lahadi, yana jan wata ƙatuwar baƙar leda. Ya tsaya daidai bakin ƙofa, bai tako ciki ba.

"Na yi rantsuwa, ba zan shigo ba," ya ce. "Dub, kai da ba ka da abin yi yau sai baƙin ciki, zo ka kai mata."

Dub ya ɗauka ya juye a kan dogon tebur. Wari ya bugi kowa. Riguna biyar ne, ba a wanke ba. Ashe jiya Cleophus ya bi mai wankin yanzu har ɗakin ƙasa, ya yi ta roƙo har mutumin ya yarda ya bar su su kwana, da sharaɗin a dawo da su kafin yamma.

"A kan teburin abinci!" in ji Vonda, tana janye farantinta.

"Karanta, Alƙaliya," ya ce daga ƙofa. "Tunda mu ba mu da ido."

Ta sa tabarau. Ta shimfiɗa ta farko, ƙirjin ya daskare da laka har lamba ba ta fita. Ta juya ta. Bayan ya jiƙe amma tas yake. Ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu haka. Ta ɗauko sittin da huɗu ta juya, ga tabon laka ɗaya faffaɗa daga kafaɗa zuwa ƙugu.

"Sau ɗaya aka kwantar da shi," ta ce. "Tun farkon wasa, ga ruwa ya wanke gefen. Ku dubi ƙirjin kuma, laka kan laka, hawa uku. Ya tashi da fushi ke nan." Ta share ido da bayan hannu. "Ɗan ubansa."

Ta taka kujera, mutum biyu na riƙe da ita. Ta sauke tutar Balbelu zuwa na goma sha biyar, Dub ya ce a ba shi ruwa. Ta ɗauki tamu ta wuce sha uku, ta wuce sha biyu, ta maƙale a sha ɗaya.

"Takwas," in ji Cleophus.

"Sha ɗaya."

"Goma, a raba gardama."

"Kasuwa muke? Cewa ka yi ta tashi daga inda take, ta tashi. Shigo ka rufe mini ƙofa, sanyi na shigowa."

Ya tsaya kamar mai shawara, don kada a ce ya yi saurin sauka. Sannan ya tako, aka dare masa hanya ana tafi, ya zauna a kujerarsa. Kafin ya cire hula farantin fate na gabansa.

Sha biyu ta buga. Aka ƙara murya. Mai sanarwa ya yi ta jan rai, suna bayan suna, mu a lungu mun kasa kallon talabijin ɗin, sai kallon ƙasa. Na goma ba mu ba. Na sha ɗaya ba mu ba. Da ya ce Harlow Ferry a na goma sha biyu, ba wanda ya ji sauran maganarsa. Huluna suka tashi sama, wata tsohuwa ta fara waƙar coci, Vonda ta sumbaci Dub a sanƙo, shi kuma ya ce zai kai ƙara.

A tsakiyar wannan duka Mis Earline na tsaye, hannu a ƙugu, tana harar talabijin.

"Sha biyu?" ta ce. "Sha biyu! Wa ya nuna musu rigunan? Suna can ɗaki mai sanyi, ko laka ba su taɓa shinshinawa ba. Wannan ai zalunci ne tsagwaronsa."

Cleophus ya yi dariya har ya sarƙe, sai da aka bubbuga masa baya.

"Sannu da zuwa, Alƙaliya," ya ce yana haki. "Yau kwana biyar muna jiranki a sahun masu fushi da kwamiti. Ƙaro mini kofi, ki zo mu zage su tare."