Tukunyar Gawayi a Bakin Burtali

"Shi ya sa nake ce maka mu ba takarda muke bi ba," Baba Atiku ya ce mini, yana naɗe ƙafar wandonsa. "Biyo ni, Anas, ka gani da idonka."

Baba Atiku manomin gero ne a Tungar Lawal, ƙauyenmu mai gida talatin da 'yan kai, gaba da Maruda. Bai yi boko ba, amma iyakar kowace gona tana cikin kansa. Kakansa na cikin mutum huɗun da suka sare dajin nan, suka gina rijiya, suka ware wa makiyaya burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa fadama. A bakin burtalin suka binne tukwane cike da gawayi, don gawayi ba ya ruɓewa.

Bana Nasiru, mai gonar da ke bakin burtalin, ya ɗauko hayar tarakta daga Gwandu. Direban baƙo ne, ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka, ya nome rabin burtalin. Shanun Jibrin makiyayi suka rasa hanyar ruwa, Jibrin ya rantse ranar Litinin sai gaban alƙali. Tun da aka kafa Tunga kuwa ba a taɓa kai maganar ƙasa kotu ba, Baba Atiku ya ce ba a idonsa za a fara ba.

Muka tarar da Nasiru da Jibrin a bakin gonar. Daga gindin wata tsohuwar tsamiya Baba Atiku ya yi taku arba'in, ya tsaya tsakiyar kunyoyin Nasiru.

"Haƙa nan," ya ce wa Nasiru.

"Baba, gerona fa ya tsiro!"

"Gashin kanka ma ya tsiro, aka aske. Haƙa."

Nasiru ya haƙa har gwiwa, ba komai. Jibrin ya dogara da sandarsa yana dariya. "Tsoho, ko tukunyar ta tafi kiwo?"

Baba Atiku ya dubi ƙafafunsa, ya yi tsaki. "Kakana dogo ne, ni na gajarce. Ƙara taku uku gaba."

Sara na biyar fartanya ta ce ƙwas. Baƙin gawayi ya fito, kamar jiya aka zuba.

Nasiru ya sunkuyar da kai. "Baffa Jibrin, a yi haƙuri. Gobe zan mai da gambar."

"To, alƙali ya huta," in ji Jibrin.

Baba Atiku ya mai da ƙasa kan tukunyar da hannunsa, ya karkaɗe.

"Ina gyaran gonar mutane, tawa ciyawa ta cinye," ya ce, ya saɓa fartanya ya nufi arewa.