Babu-Birki da Gidajen Bayan Kasuwa

Sunan da mahaifinsa ya raɗa masa sai dai a katin asibiti. Kowa Babu-Birki yake ce masa, har surukarsa. Ba wai tuƙin ganganci yake yi ba, don duk shekarun da ya yi yana jan tirela ko kaza bai taɓa takewa ba. Bakinsa ne ba shi da birki. In ya ɗauko magana, ko a gaban wa, sai ya dire ta.

Ranar da tayar gaba ta fashe masa a gangare, yana ɗauke da buhunan siminti, ya murɗa sitiyari ya kauce wa wata motar fasinja, ya afka rami. Ya farka a gadon asibiti ƙafafunsa suna nan lafiya ƙalau a ido, amma ba sa jin kira. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, har ya gaji ya ce, “Likita, faɗa mini kai tsaye. Inji ya buga ko?” Likita ya ce lakar baya ce ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa sai haƙuri.

Aka mayar da shi gidan hayar da yake zaune, ciki da falo a saman bene. Matakalar gidan ƙunci gare ta, ga lanƙwasa a tsakiya, ko katifa sai an karkata ta take wucewa. Duk ranar zuwa asibiti sai an nemo maza biyu su ɗauke shi a kujerar roba, ɗaya yana nishi a gaba ɗaya a baya, matan gida suna leƙe suna “sannu, sannu.” Wannan sannun ta fi ciwon ci masa rai. A hankali ya daina fita. Ya koma zaman bakin taga, yana kallon titi, yana yi wa direbobi gyara daga sama.

“Kai mai farar mota! Wa ya ba ka lasin? Haka ake juyawa?”

Matarsa ce ta ɗauki komai. Ita ke ɗaga shi daga gado zuwa kujera, ita ke hawo da ruwa, ga ɗinkin da take yi a falo, da shi suke ci. 'Ya'yansu mata ne, duk suna gidajen mazajensu a nesa. Wata safiya tana ɗaga shi bayanta ya riƙe, suka zube tare a tsakar ɗaki. Ita ba ta iya tashi, shi ba ya iya ɗaga ta. Suka kwanta nan suna kallon silin har wata maƙwabciya ta jiyo kiransu.

“Malam, kada ka faɗa wa yara,” in ji ta.

Bai faɗa musu ba, abin da ba a saba gani ba. Amma tun daga ranar ya san zaman benen nan sai ya kashe ɗayansu.

Ana haka ya ji a rediyo cewa ƙaramar hukuma ta kira taro kan tsarin gidajen da za ta gina, ciki har da gidaje na masu nakasa, da ma'aikatan da za su riƙa kula da su. An ce kowa yana iya zuwa ya faɗi ra'ayinsa. Ya aika aka kira masa tsohon bakanikensa. Bakanike ya haɗa masa keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, kuma bisa umarnin mai keken ya ɗaura masa ƙahon tirela da batir a ƙarƙashin kujera.

“Wannan kuma na mene ne?” in ji matarsa.

“Direba ba ya hawa titi ba hon, Hajiya.”

Da ya isa sakatariya sai ya tarar a saman bene ake taron. Mutane na ta hawa. A gindin matakala kuwa ga wasu irinsa sun yi cirko-cirko: wani dattijo mai sanduna biyu, wata yarinya a keken asibiti, da wata tsohuwa mai wanki da ake kira Inna, riƙe da hannun ɗanta Dogo. Dogo ya yi gemu har da furfura, amma hankalinsa na ƙaramin yaro ne, kuma tsoron matakala yake kamar wuta.

Masu gadi biyu suka nufo Babu-Birki suna naɗe hannun riga. “Baba, bari mu ɗauke ka.”

“Kada wanda ya taɓa ni. Ni buhu ne? Taron namu ne, ko na masu ƙafa?”

“To ai a sama ake yi.”

“Sai su sauko.”

Suka yi dariya. Shi kuwa ya gyara zama ya danna hon. Ƙarar ta cika ginin, tattabarun da ke kan rufi suka watse, Dogo ya toshe kunne yana tsalle don murna. Babu-Birki ya saki hon, ya jira aka soma jawabi a sama, ya sake dannawa. Sau nawa aka aiko a ba shi haƙuri, sau nawa aka yi barazanar kiran 'yan sanda. Ya ce a kira su, amma su zo da motar da kekensa zai shiga. Daga ƙarshe sai ga ciyaman da kansa yana saukowa fuska a murtuke, ana biye da shi da kujeru da teburi. A farfajiya, ƙarƙashin bishiya, aka ƙarasa taron.

Jami'in tsare-tsare ya baje taswira ya nuna inda za a yi gidajen: can bayan gari, an wuce juji, inda kwalta ta ƙare. Ya ce wurin shiru ne, ga iska, ba hayaniyar da za ta dame su.

“Ranka ya daɗe,” in ji Babu-Birki, “wa ya kawo muku ƙarar hayaniya? Ni a tasha na girma. Can da kuke nufi babu mota, babu asibiti, babu mai sayen ɗinkin matata. Ku ce dai kuna so ku ajiye mu inda ido ba zai gan mu ba.”

Ciyaman ya ce ai kamata ya yi a gode, wasu wuraren ko wannan ba a yi musu ba.

“Za mu gode in mun ga abin godiya. Ga tsohon garejin hukuma a bayan kasuwa, babu komai a ciki sai gawar motoci da awaki. Can muke so.”

Inna ba ta saba magana a taro ba, amma ta miƙe. Ta ce, “Ni ba don kaina na zo ba. Kullum tunanina in na mutu wa zai riƙe wannan. Ya san hanyar kasuwa, 'yan kasuwa sun san shi. In kun kai shi daji, ɓata zai yi.”

Ba a yanke komai a ranar ba. Sai da aka yi ta zarya, taro bayan taro, kuma duk a ƙasa, kafin hukuma ta yarda da filin garejin. A nan ne kuma rigimar gaske ta tashi, daga inda Babu-Birki bai zata ba: mutanen layin. Jagoransu wani mai kemis ne da shagonsa ke kallon filin, mutum mai fara'a da son gaisuwa. Ya tara masu gidaje ya ce in aka kawo waɗannan mutane layi zai cika da bara, masu taɓin hankali za su riƙa bin yara, darajar gidaje za ta faɗi. Suka kai ƙara kotu, aka dakatar da aiki.

Babu-Birki bai je kotu ba. Kowace safiya sai ya sa a sauko da shi, ya haɗiye baƙin cikin kujerar roba, ya murza kekensa har ƙofar garejin ya yi fakin daidai gaban kemis. Inna takan zo da Dogo, mai sanduna ya zo, wasu ma da ba a san da su ba suka fara fitowa daga ɗakunan da aka ɓoye su. Ba sa roƙon kowa, ba sa zagin kowa. Zama kawai, da hira, da shayi. Wani mai wucewa ya taɓa jefa wa Babu-Birki sadaka a cinya, shi kuwa ya bi mutumin da keke har kwanar titi ya mayar masa.

Ran nan mai kemis ya tsallako. “Malam, ni fa ba ƙinku nake ba. Allah ya sani ina tausayinku.”

“Riƙe tausayinka, Alhaji, zai yi maka amfani. Ni ma da ƙafata na fita ranar da abin ya same ni, har ina sauri.”

“Ba nan ne ya dace da ku ba.”

“Ina ne ya dace? Maganin da muke sha a wajenka muke saye. Kuɗinmu sun dace da layin, mu ne ba mu dace ba?”

Mai kemis ya juya ya koma shago, kuma har yau bai sauya ra'ayi ba. Amma sauran suka fara sanyi. Mai shayi ya saba da su. Matan layin suka gano Dogo ba ya bin kowa, iyakarsa ya ɗauki tsintsiya ya share gaban shaguna, in an ce ya bari ya ɓata rai. Da ranar zaman kotu ta zo, masu ƙarar da suka halarta ba su cika benci ɗaya ba. Alƙali ya kori ƙarar.

Sai dai shari'ar ta ci lokaci. An yi zaɓe, ciyaman ya tafi, sabon ya ce bai san zancen ba, sai da aka sake sabuwar zarya. Ana zuba harsashin gini Inna ta kwanta, ciwon kwana kaɗan, ta rasu. Bayan an share makoki danginta suka zo da mota za su tafi da Dogo ƙauye. Babu-Birki ya tambayi ƙanen marigayiyar yadda za su yi da shi.

“Akwai ɗaki a bayan gida. Za mu riƙa rufe shi, don kada ya shiga duniya.”

Babu-Birki ya gitta kekensa a gaban motar. “Ba inda za shi. Uwarsa ta tsaya a rana don ya sami ɗakinsa, kuma zai shige shi.”

“Kai wane ne nasa?”

“Maƙwabcinsa ne. Gidan ne kawai ba a gama ba.”

Aka yi cacar baki har mutane suka taru. Matarsa ce ta kashe maganar. Ta ratsa taron ta kama hannun Dogo ta ce, “Taho mu je gida, ka ci abinci.” Dangin, da dama ba son ɗaukar nauyin suke ba, suka ja motarsu. Wata maƙwabciya da ke ƙasan bene ta ba shi wurin kwana a barandarta, tunda ba ya hawa matakala, matar Babu-Birki tana sauko masa da abinci har aka gama ginin.

Gidajen da aka gina ba su kai rabin abin da aka yi alkawari ba. Amma a ƙasa suke, jere a kewayen tsakar gida ɗaya, ƙofofi masu faɗi, ba dakali ko ɗaya, banɗaki da ƙarfen riƙewa a bango. Akwai ɗakin ma'aikata kusa da ƙofa, inda nas da mataimakanta suke karɓa-karɓa, su taimaka wa mai buƙatar wanka, su tuna wa mai shan magani. Ranar buɗewa Babu-Birki ya iso ya tarar an kafa wani ƙaton allo a bakin ƙofa: Gidan Gajiyayyu.

“Wa ya gaji?” ya tambayi jami'in da ke shirya kujerun manyan baƙi. “Ni dai ban gaji ba. Kai gidanka an rubuta abin da ke damunka a ƙofa?”

Jami'in ya ce an riga an biya mai fenti. Babu-Birki ya ce to ba wanda zai shiga, ya kuma juya ya faɗa wa sauran, suka tsaya a waje da kayansu a ƙulle. Ga 'yan jarida sun fara isowa. Kafin ciyaman ya ƙaraso an tumɓuke allon an jingina shi a bayan gini. Lambar gida kawai aka bari, kamar kowane gida a layin.

Ba a nan rigimarsa ta ƙare ba. Ya yi faɗa da dokar rufe ƙofa da magariba har aka soke ta. Ya yi faɗa da nas kan shan sigari, wannan kam ita ta ci shi. Ya koma tasha, inda ƙungiyar direbobi ta ba shi teburin sayar da tikiti, yana yi yana koya wa sababbin direbobi abin da ba su tambaye shi ba. Dogo yana ɗaki na kusa da nasu, ya iya kunna fitilarsa da kashewa, kuma duk wanda ya zo sai ya ja shi ya nuna masa.

Bayan sun zauna da 'yan watanni, babbar 'yarsu ta haihu. Matarsa ta yi ta jan ƙafa, tana cewa wa zai kula da shi in ta tafi.

“Hajiya, ga nas, ga Dogo, ga ni da hannuna biyu. Tafi ki ga jikanki.”

Shi ya sayar mata da tikitin da kansa, ya zaɓa mata kujerar gaba, ya tsare direban da gargaɗi har fasinjoji suka fara gunaguni. Da motar ta tashi ya murza ya dawo gida, ya ɗora tukunya, Dogo yana miƙo masa kayan miya. Abincin ya kama, gishiri ya yi yawa. Suka cinye shi tas.

Da yamma ya sa Dogo ya goge masa keke. Washegari akwai zaman hukuma kan kasafin sabuwar shekara, kuma ya ji ƙishin-ƙishin ba a sa ragowar gidajen a ciki ba.